Mu Karanta Cutarmu da Kanmu

A ranin 2013 sanƙarau ya ɓarke a Jihar Sakkwato, ya kwantar da mutum sama da 800. Sanƙarau ba baƙo ba ne a wurinmu. Manyanmu ba su manta da 1996 ba, shekarar da ya kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ya tafi da sama da 11,000. Amma na 2013 ya zo da abin ɗaure kai. Nau'in da ya daɗe yana yi mana ɓarna, wanda likitoci ke kira nau'in A, an riga an samo lagonsa. Allurar MenAfriVac ta fara aiki a Burkina Faso da Mali da Nijar a 2010, ta shigo Nijeriya a 2011, kuma duk inda ta ratsa sai nau'in A ya lafa. To, wannan da ke sanƙarar da wuyan yara a ƙauyukanmu, daga ina ya fito?

Da aka gwada, sai aka ga nau'in C ne, kuma wani reshe nasa da ba a taɓa gani a ko'ina ba. Aka ba shi lamba 10217. A 2014 ya tsallaka Kebbi. A 2015 ya shiga Nijar, ya kama mutum fiye da 8,000, ya kashe sama da 500, Yamai kanta ba ta tsira ba. Daga Disambar 2016 zuwa Yunin 2017 ya yi mafi munin ta'asarsa: mutum 14,518 ake zaton sun kamu a Nijeriya, 1,166 suka riga mu gidan gaskiya, Zamfara da Sakkwato da Katsina suka fi jin jiki. Ƙaramar Hukumar Bodinga na cikin wuraren da ya shiga, mutanen Danchadi kuwa ba sa bukatar a tuna musu. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya ba iyayensu haƙuri.

Sai a 2018 aka samu cikakken bayanin asalin wannan ƙwaya, daga masana na cibiyar kula da lafiyar al'umma ta ƙasar Norwe da ke birnin Oslo, tare da abokan aikinsu. Yadda suka yi ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi ne aikin da nake kiran ku zuwa gare shi.

Kowace ƙwayar cuta tana ɗauke da rubutu a cikinta, wanda ake kira DNA. Haruffansa huɗu ne kacal, A da C da G da T, amma na ƙwayar sanƙarau ya haura harafi miliyan 2 a jere. Duk lokacin da ƙwaya ta rabu biyu, sai ta kwafi wannan rubutu gaba ɗaya ta ba 'yarta. Mu da muka tashi a ƙasar da aka yi ta kwafar littattafai da alƙalami da tawada ba za mu sha wahalar gane abin da ke biyowa ba. Almajiri ya kwafi littafi daga na malaminsa, hannunsa ya zame a harafi ɗaya, duk wanda ya kwafa daga nasa zai gaji wannan zamiya, ya ƙara tasa. Masanin da ya jera kwafi ashirin a gabansa, ya bi inda suka yi tarayya a kuskure, zai gaya maka wanne ya fito daga wanne, wanne ya riga wanne, wanne ya yi tafiya zuwa wani gari. Haka ake yi wa ƙwayar cuta. A ciro rubutun daga ƙwayar da aka samu a jikin yaro a Sakkwato, da ta Kebbi, da ta Yamai, na'ura ta karanta, kwamfuta ta jera, sai salsalar ta bayyana.

Abin da suka gano ya girgiza ni. Kakar wannan ƙwaya ba mai cutarwa ba ce. Tana zaune ne a maƙogwaron mutane masu lafiya a nan Afirka, ba ta sa kowa ko ciwon kai. Sai ta tsinci wasu guntayen rubutu daga wasu ƙwayoyi, ciki har da wanda ya ba ta kwanson da ke kare ta daga garkuwar jiki. Daga nan ta zama abin da ya cika maƙabartu.

Ina yaba wa waɗannan masana, Allah ya saka musu. Amma raina bai daina tambaya ba: ciwon da aka fara gani a ƙasarmu, ya kwantar da 'ya'yanmu, mu muka yi jinya, mu muka yi jana'iza, me ya sa sai an kai shi Turai kafin a karanta shi?

Ga wata lamba da ta fi ci mini rai. A cikin mutum 14,518 ɗin nan na 2017, 1,339 kaɗai aka gwada samfurinsu a ɗakin gwaji. Ko ɗaya cikin goma bai cika ba. Wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne, domin rumbun allurar gaggawa na duniya ba ya sakin allura sai an nuna shaidar ɗakin gwaji cewa ga nau'in da ke yawo. Allurar nau'in A ba ta kare mutum daga nau'in C. Duk kwanan da aka yi ba a tabbatar ba, kwana ne da allura ke zaune a rumbu, cuta na tafiya gida gida.

Saboda haka da ku nake, ma'aikatan lafiya na Bodinga da Shagari. Da kai nake, Malam, da ke tsaye a ɗakin gwajin babban asibiti tun safe. Da ke nake, Malama, da ke karɓar yara a asibitin sha-ka-tafi na ƙauye. Da jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma, da mai babur ɗin da ke goya akwatin samfuri zuwa Sakkwato cikin zafin Afrilu, lokacin da ma'aunin zafi ke haura 40 kuma kwalta ke ƙuna. Kada wani ya ce muku binciken kimiyya a Abuja ko Landan yake farawa. A hannunku yake farawa.

Ku da kuka tsaya a kan wannan aiki kun san yadda yake. Yaro kwance a gefensa, an lanƙwasa gwiwoyinsa zuwa ƙirji, uwa na riƙe da kansa tana salati. Likita ya lalubi tsakanin ƙasusuwan ƙugu da yatsa, ya sa allura, ruwan ya fara ɗiga ɗaya bayan ɗaya. Na mai lafiya garau yake. Idan ya fito a gurɓace, tun kafin a kai shi ko'ina zuciyarka ta gaya maka. Daga nan sauran aikin naka ne. Ƙwayar sanƙarau, duk da ɓarnarta, ba ta da juriya a waje, zafi na kashe ta, sanyi na kashe ta. Dole a ɗiga ruwan cikin kwalbar da ke ɗauke da abincinta ba tare da ɓata lokaci ba, kuma wannan kwalba ba a sa ta a firji. Ɗan bututun da za a yi gwajin PCR da shi kuwa, wato gwajin gano rubutun ƙwayar, shi sanyi yake so. Wanda ya juya su, ya kashe shaidar. Sai rubutu: suna, shekaru, ƙauye, ranar da ciwo ya fara, ko an riga an ba shi magani kafin a ɗebi ruwan. Na rantse, farfesan da ya fi kowa iya kwamfuta a duniya ba zai iya gyara kwalbar da aka rubuta wa ƙauyen da ba nata ba. Idan ka yi wannan daidai, da biro a kan gwiwarka, ba wuta, gumi na zuba, ka yi kimiyya ta gaske. Abin da nake nema gare ka shi ne kada ka tsaya a nan. Bi kwalbar har inda ake karanta ta, ka zama kai ne mai karantawa.

Na san abin da za a ce. Wannan ilimi na masu kuɗi ne, na waɗanda wutarsu ba ta ɗaukewa. Ku duba Ede, wani gari a Jihar Osun da bai kai Sakkwato girma ko suna ba. A can Farfesa Christian Happi, haifaffen Kamaru da ya yi karatu a Yawunde da Ibadan kafin ya je Amurka, yake jagorantar cibiyar binciken ƙwayoyin cututtuka ta Jami'ar Redeemer's. Ɗakin gwajinsa na cikin waɗanda suka tabbatar da cutar Ebola lokacin da ta shigo Legas a Yulin 2014. Da korona ta ɓulla a Nijeriya ranar 27 ga Fabrairun 2020, cikin 'yan kwanaki cibiyarsa da abokan aikinta suka karanta rubutun ƙwayar, haruffa kusan 30,000, karo na farko a duk Afirka. A 2018 zazzaɓin Lassa ya yi yawan da ba a saba gani ba, hankali ya tashi, ana tsoron ko sabon nau'i ne mai saurin bi daga mutum zuwa mutum. Aka karanta ƙwayoyin da aka samu a asibitin Irrua na Jihar Edo, har da wata na'ura da ba ta wuce tafin hannu ba, mai jonawa da kwamfutar tafi-da-gidanka. Amsa ta fito cewa mafi yawan masu ciwon daga ɓera suka ɗauka, kowa daban. Nan take aka san inda za a karkata ƙarfi.

Ku duba kuma shan inna. A Agustan 2016, bayan shekara biyu ba a ga asalin ƙwayar ba a Nijeriya, sai ta bayyana a Borno. Karatun rubutunta ya nuna dangin wadda aka gani a can ne a 2011, wato ta yi shekara biyar tana yawo a ɓoye a wuraren da rikici ya hana shiga. Wannan sani ne ya sauya yadda aka bi ta, har aka ayyana Afirka ta rabu da ita ranar 25 ga Agustan 2020. A cikin wannan nasara akwai hannun mutanen Sakkwato da tun 2012 suke sunkuyawa kan magudanun ruwan birni, suna ɗibar ƙazamin ruwa a aika ɗakin gwaji, don a gano ƙwaya kafin ta shanye ƙafar yaro. Ba a buga hotonsu a jarida, amma ladarsu na wurin Allah, kuma ni ina ganin girmansu.

Ba ma sai an je nesa ba. Maƙwabtanmu na Nijar suna da cibiyar CERMES a Yamai, wadda ta daɗe tana gwada samfurin sanƙarau da PCR daga sassan ƙasar. A nan gida, Jami'ar Usmanu Danfodiyo, da aka kafa a 1975, tana da cibiyar binciken lafiya ta CAMRET, wadda ta yi gwajin korona a 2020. Wato na'urar PCR da hannun da ya iya ta suna nan, tafiyar da ba ta kai yini ba daga ƙofar gidanka.

Wanda kuma ke jin cewa wannan ba gadonmu ba ne, ya tuna cewa a Sifawa, cikin ƙasar Bodinga, Shehu Usmanu ya zauna yana karantarwa kafin ya koma Sakkwato a 1815, ƙaninsa Malam Abdullahi kuma ya zauna a Bodinga. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, da nauyin daula a kansa, ya samu lokacin rubutu kan ciwon ido da basir da magungunansu. Alhaji Shehu Shagari, kafin duniya ta san shi shugaban ƙasa a 1979, malamin kimiyya ne a Midil ta Sakkwato, da alli a hannu. Yaron Shagari da ke son ɗakin gwaji ba sabon abu ya ɗauko ba.

Hanyar tana da tsawo, ba zan ɓoye muku ba. Wanda ya fito daga kwalejin kiwon lafiya ta Gwadabawa da takardar shaidarsa ya riga ya taka matakin farko, sai ya nemi shiga jami'a. Digirin kimiyyar ɗakin gwaji shekara biyar ne, sannan shekarar sanin makamar aiki, sannan bautar ƙasa. Ana iya shigowa ta ilimin ƙananan halittu, ko sinadaran jiki, ko likitancin mutane, ko na dabbobi. Bayan nan digiri na biyu, sannan digirin digirgir, inda za ka ɗauki tambaya ɗaya ka zauna da ita shekaru har ta amsa. Wanda ya samu aikin koyarwa a jami'a ko kwalejin gwamnati, asusun TETFund na ɗaukar nauyin ƙarin karatu. Cibiyar Ede na horar da ɗalibai, haka ma cibiyar WACCBIP ta Jami'ar Ghana. A cikin tafiyar za ka gamu da yajin aiki, kamar na 2022 da ya rufe jami'o'in gwamnati wata takwas. Za ka ga sinadarin gwaji da aka jira watanni ya iso a lalace saboda ƙanƙara ta narke a hanya. Za ka ga firji cike da aikin shekara, wuta ta ɗauke, janareta ba mai. Za ka ga abokin karatunka ya shiga kasuwanci ya gina gida kai kana haya. Duk wannan gaskiya ne, kuma duk da haka nake cewa ka shiga.

Akwai kuma wata ƙofa da mutane da yawa ba su san a buɗe take ba. Rabin wannan aiki ba a cikin ɗakin gwaji ake yin sa ba, a kan kwamfuta ake yi. Rubutun dubban ƙwayoyin cuta na ajiye a rumbun GenBank a intanet, kyauta, kowa na iya saukewa. Manhajojin jera su da kwatanta su da yawa kyauta ne. Ƙanena da ke Kajiji ko Dingyaɗi, mai tsohuwar kwamfuta da ɗan faifan sola, zai iya fara koyon wannan da dare bayan ya tashi aiki. Abin da zai riƙe da kyau shi ne lissafi, da Turancin karanta muƙala, da haƙurin maimaita abu har ya daidaita. Wanda ya je neman gurbin digiri na biyu ya riga ya iya jera rubutun ƙwayoyi goma ya zana salsalarsu, malamai za su yi rububinsa.

In dama ta kai ka waje, je ka. Ba na cikin masu zagin wanda ya tafi neman ilimi ko na abinci. Amma ka tafi da tambayar gida a aljihu, ka riƙe zumunci da ɗakin gwajin da ya rene ka, ka aiko wa na baya da abin da ka koya. In kuma baƙi suka zo neman haɗin gwiwa, ku karɓe su hannu biyu, amma ku zauna a rubuta sharaɗi tun farko: a horar da namu, a bar kwafin sakamako a nan, a sa sunan wanda ya yi aiki a kan muƙala. Mai ɗibar samfuri abokin bincike ne, ba ɗan aike ba.

Wani dalilin da ya sa dole ɗan gida ya shiga wannan fage shi ne amana. Gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi wa yara kusan 200 a Kano lokacin annobar 1996, wanda ya kai ga shari'a da sulhu a 2009, ya bar tabo a zukatan mutanen Arewa. Wannan tabo na cikin abin da ya sa aka ƙaurace wa allurar shan inna a 2003, yara suka biya farashin. Uban da aka ce a ɗebi ruwan bayan ɗansa yana da haƙƙin ya san don me, ina za a kai, me za a yi da shi, kuma yana da haƙƙin ya ƙi. Wanda zai durƙusa a zaure ya ce, "Baba, ga abin da muke nema, ga amfaninsa, ga abin da ba za mu yi ba," da harshen da aka yi masa tarbiyya da shi, kuma gobe a haɗu da shi a masallaci ko wurin suna, shi ne za a yarda da shi. Cikin gida kuwa mace ce ke shiga. Iyaye da mazaje, ku bar 'yan mata su yi nisa a wannan karatu. Farfesa Iruka Okeke ta Jami'ar Ibadan na cikin manyan masu karanta rubutun ƙwayoyin cuta a Afirka, kuma tun 2011 ta rubuta littafi guda kan illar ba da magani ba tare da gwaji ba. Ɗiyar Bodinga ba ta gaza ta ƙwaƙwalwa ba.

Malaman kimiyya na sakandare, ku ne ba a cika ambata ba, alhali daga ajinku ake fitowa. Ku nemi izini ku kai ɗalibai ɗakin gwajin asibiti mafi kusa, kowa ya sa ido a madubin likita ya ga ƙwayar zazzaɓin cizon sauro zaune cikin jini. Shugabannin ƙananan hukumomi kuma, sola ɗaya a kan rufin ɗakin gwaji, da kuɗin man babur ɗin samfuri a kan lokaci, da ba ma'aikaci hutun karatu da albashinsa, ba su fi ƙarfinku ba.

Aiki na nan jibge yana jiran mai ɗauka. A Maris na 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta fara amfani da allurar Men5CV, mai kare mutum daga nau'i biyar na sanƙarau, A da C da W da X da Y. Abin farin ciki ne ƙwarai. Amma ƙwaya ba ta daina kwafar rubutunta ba, kuma abin da ya faru bayan allurar nau'in A ya isa ya sa a ci gaba da ɗibar samfuri ana karantawa kowane rani. Na'urar GeneXpert na gano tarin fuka da bijirewarsa ga maganin rifampicin cikin kamar awa biyu, amma sai an bi salsalar ƙwayoyin kafin a san ko masu bijirewar daga gida ɗaya suke yaɗuwa. A Eritiriya an samu ƙwayar zazzaɓin cizon sauro da ta zubar da guntun rubutun da ɗan tsinken gwaji ke ganewa, sai gwaji ya ce babu alhali akwai, har ƙasar ta sauya irin tsinken da take amfani da shi. Dole wani ya riƙa duba namu. Dabbobin da ke ratsa kasuwanninmu daga Nijar zuwa kudu suna tafe da nasu cututtukan, wasu na tsallakowa ga mutane, ga kuma tsangayar likitancin dabbobi a jami'armu.

Sannan ga noma, cutar da ke cin kumatu da leɓen ƙananan yara masu fama da tamowa cikin 'yan kwanaki, ta kashe mafi yawan waɗanda ba a yi wa magani ba, ta bar waɗanda suka rayu suna rufe fuska. Asibitin da aka keɓe mata yana Sakkwato tun 1999, ɗaya daga cikin ƙalilan irinsa a duniya. Nijeriya ce ta jagoranci ƙoƙarin da ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka ta cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su a Disambar 2023. Har yau masana ba su tsayar da magana kan ainihin ƙwayoyin da ke tayar da ita ba, kuma babu wani gwaji mai sauƙi da ma'aikaciyar ƙauye za ta yi ta gane yaron da dasashinsa ke shirin rikiɗewa. Yaran suna nan, iyayensu Hausa da Fulatanci suke yi, asibitin na cikin birnin da motocin Shagari da Bodinga ke shiga kullum. Ɗalibin da ke neman abin da zai yi digirin digirgir a kansa, ya je can ya gaida ma'aikatan, ya nemi izini, ya zauna ya saurari abin da suka daɗe suna gani a bakunan yaran nan.